Yadda ake gano alamomin masana'anta a jikin tsohuwar mota da yadda ake mayar da su bayan gyara

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin motar Amurka ta shekarun 1960 wadda ba a taɓa kwance ta ba, ya ga wasu abubuwa da suka yi kama da ɓarnar yara: ɗigon fenti rawaya a kan noti, zane biyu ko uku masu launi da suka zagaye furofela, lamba da aka rubuta da alli mai maiƙo a bangon da ya raba inji da mazaunin direba, da tambarin tawada da ya kusa gogewa. Ma'aikatan masana'anta ne suka yi su, kuma ba don ado ba. Ɗigon da ke kan noti yana gaya wa na gaba cewa an ɗaure shi, an kuma duba. Launin da ke jikin sifirin ko furofela yana taimaka wa mai haɗawa ya ɗauko wanda ya dace da motar da ke gabansa ba tare da ya tsaya karanta doguwar lamba ba, domin layin haɗa motoci ba ya jiran kowa. A yau waɗannan alamomi sun zama shaida a kan asalin mota, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda masu gyara suke share na gaskiya cikin awa guda, sa'an nan su dawo su zana waɗansu da suka kwafo daga hoton motar wani.

Zan ɗauki misalai daga Corvette da Camaro na kamfanin Chevrolet, da Mustang ta kamfanin Ford, saboda a kansu ne aka fi yin bincike mai zurfi. Ƙungiyar NCRS ta masu sabunta Corvette, wadda aka kafa a 1974, da ƙungiyar masu Mustang ta Amurka, wadda aka kafa a 1976, duk suna da alƙalai da littattafan ƙa'ida da ake auna mota da su. Amma hanyar aikin ɗaya ce ko da Peugeot 504 ce da aka haɗa a Kaduna, inda aka fara haɗa motocin kamfanin a 1975.

Mataki na farko: kada ka wanke komai

Wannan shi ne matakin da aka fi karyawa, domin da zarar tsohuwar mota ta shigo gareji, hannu yana ƙaiƙayin ɗauko injin wanki. Ka haƙura. Ruwa mai ƙarfi, fetur, sinadarin narkar da fenti da injin feshin yashi duk suna cinye alli da tawada nan take, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Ka ɗaga motar a kan abin da zai riƙe ta da kyau, ka samo fitila mai haske, ka ɗauki hoton kowane sashe kamar yadda ka same shi, da ƙurarsa da bakin mansa. Kowace alama tana bukatar hoto biyu aƙalla: ɗaya daga nesa wanda zai nuna inda take a jikin motar, ɗaya daga kusa tare da rula a gefenta don a san girmanta. Ka riƙa haska fitilar daga gefe, kusan a kwance da ƙarfen, saboda hasken da ya zo a karkace yana fito da sawun rubutun da ido ba ya gani idan an haska shi kai tsaye. Bayan hoto, ka buɗe littafi ka rubuta da hannunka: wane ɓangare ne, dama ko hagu, wane launi, da me aka yi alamar, kuma ina ta fuskanta. Hoto yana yaudara a kan launi, musamman tsakanin rawaya da ruwan lemo da ya koɗe, shi ya sa rubutun yake da amfani. Idan lamba ce ko harafi, ka ɗora farar leda mai kauri a kai ka bi sawunsa da alƙalami, ka ajiye ledar.

Mataki na biyu: ka san ranar haihuwar motar da gidan da aka haife ta

Alama ba ta da ma'ana sai an san masana'antar da ta fito da lokacin da aka haɗa ta. Kafin 1981, lokacin da Amurka ta daidaita lambar shaidar mota zuwa haruffa da lambobi 17, kowane kamfani yana da nasa tsarin, amma kusan dukkansu suna saka harafin masana'anta a ciki. A Mustang ta 1967, F tana nufin Dearborn, R tana nufin San Jose, T kuma Metuchen. A Camaro ta farko, N ita ce Norwood a jihar Ohio, L kuma masana'antar Van Nuys ta yankin Los Angeles. Corvette kuwa a St. Louis ake haɗa ta daga 1954 har zuwa 1981, lokacin da aikin ya koma Bowling Green a jihar Kentucky.

Dalilin da ya sa wannan yake da muhimmanci shi ne masana'antu biyu na kamfani ɗaya ba sa aiki iri ɗaya. Mustang ta San Jose an san ta da jan fentin share fage a ƙarƙashinta, alhali ta Dearborn a ƙarshen shekarun 1960 sau da yawa tana fitowa da wani launi mai duhu da aka samu ta hanyar haɗa ragowar fenti. Wanda ya fesa wa motar Dearborn irin abin da ya gani a motar San Jose ya yi aiki mai kyau a ido, amma ya ba motarsa tarihin da ba nata ba.

Daga nan sai ka nemi farantin bayanin bodi. A Camaro yana jikin bangon inji, kuma yana ɗauke da wata da makon da aka haɗa bodin, misali 02B, wato mako na biyu na Fabrairu. A motocin Chrysler, irin su Dodge da Plymouth, farantin yana kan madigadi ta ciki a ɗakin inji. Sai kuma takardar umarnin haɗawa, wadda take bin mota a kan layi tana faɗa wa kowane ma'aikaci abin da zai saka. Ma'aikata kan cusa ta inda suka ga dama idan sun gama da ita, don haka ana samunta tsakanin sifirin ɗin kujera ko ƙarƙashin kafet. A Corvette daga 1967 ana manna ta a saman tankin mai. Idan ka yi sa'ar samunta, kada ka ja ta da ƙarfi, kada ka jiƙa ta, kada kuma ka kai a like ta da leda mai zafi. Ka ɗauki hotonta a inda take, sa'an nan ka zare ta a hankali ka sa tsakanin takardu biyu masu tsabta. Ga motocin Ford daga 1967 ana iya sayen rahoton Marti, wanda aka ciro daga bayanan kamfanin kansa, kuma masu Pontiac suna samun irin wannan daga PHS, cibiyar da ke riƙe da bayanan tsofaffin motocin Pontiac.

Mataki na uku: karanta kwanan watan da ke jikin kayan

A nan ne aikin yake son natsuwa, kuma a nan ne ake kama mafi yawan motocin da aka haɗa daga gawarwakin motoci uku aka ce ɗaya ce. Kusan kowane babban ƙarfe da aka zuba a maƙera yana ɗauke da ranar da aka zuba shi. A kayan Chevrolet tsarin shi ne harafin wata, sai rana, sai lambar ƙarshe ta shekara, ta yadda B 12 7 take nufin 12 ga Fabrairu 1967. Ford tana fara da shekara, sai wata, sai rana, kuma tana tsallake harafin I don kada a ɗauke shi a matsayin lamba 1, saboda haka J ce Satumba, M kuma Disamba. Da wannan, 7M12 ita ce 12 ga Disamba 1967. Lambobin kayan Ford ma suna magana: a C7ZE, harafin C yana nufin shekarun 1960, 7 ita ce 1967, Z tana nuna Mustang, E kuma sashen inji. Sai dai wannan lamba tana faɗin shekarar da aka tsara kayan ne, ba ranar da aka ƙera wanda ke hannunka ba, kuma mutane da yawa suna rikicewa a nan.

Ƙa'idar da za ka riƙe mai sauƙi ce: ɗa ba ya girme wa ubansa, kuma kayan da aka haɗa mota da shi dole ya riga motar zuwa duniya. Dole a zuba bulok, wato gangar jikin injin, kafin a haɗa inji, a haɗa inji kafin a saka shi a mota. Yawancin kayan sukan riga motar da makonni kaɗan, kuma alƙalan NCRS suna karɓar tazarar da ta kai wata shida. Ka zana jadawali a littafinka, ka sa ranar haɗa motar a sama, ka jera bulok, kawunan inji, kafireto, lagireto, janareton caji, akwatin giya, aksul na baya da gilasai a ƙasa, kowanne da ranarsa. Duk wanda ranarsa ta zo bayan ta motar, an canja shi ne daga baya, kuma alamomin da ke jikinsa ba shaidar motarka ba ne.

Injin Chevrolet yana da wani ɗan dandamali a gaban bulok ta gefen fasinja, inda ake buga lambar haɗa inji. Idan ka ga V0212DZ, harafin V shi ne masana'antar inji ta Flint, 0212 ita ce 12 ga Fabrairu, DZ kuma ita ce alamar injin 302 na Camaro Z/28 ta 1969. Irin wannan inji yana da tsada ƙwarai, don haka ana samun masu goge dandamalin su buga sabuwar lamba. Abin da ke tona musu asiri shi ne fuskar ƙarfen. Na'urar da masana'anta take daidaita fuskar bulok da ita tana barin siraran layuka miƙaƙƙu da suke tafiya daga gaba zuwa baya, alhali injin da ake yanke fuskar bulok da shi a shagon gyara yana barin sawu mai lanƙwasa. Ka duba da madubin ƙara girma. Idan kuma za ka kai injinka a yi masa aiki, ka gaya wa mai shagon da bakinka, ka kuma rubuta masa, cewa kada ya taɓa wannan dandamali, domin yankan da bai kai kaurin farce ba ya isa ya share lambar asali. Game da lambar shaidar mota kanta, canja ta ko sake buga ta don yaudara laifi ne a dokar tarayya ta Amurka.

Mataki na huɗu: tsaftacewa da hannu, kaɗan kaɗan

Sai yanzu ne za a fara cire datti. Ka fara da abu mafi sauƙi, wato ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka da tsumma mai laushi, kana dannawa a hankali maimakon gogewa. Inda giris ya daskare, ka kankare shi da katako ko roba, ba da ƙarfe ba, sa'an nan ka ɗiga kananzir kaɗan a kan auduga ka gwada a wani gefe da babu alama. Da zarar ka ga launi ya fara bayyana, ka tsaya ka ɗauki hoto kafin ka ci gaba. Abin mamaki shi ne bakin man da ya yi shekara hamsin yana zuba a ƙarƙashin mota shi ne yake kare alamomin daga tsatsa, don haka wurin da ya fi ƙazanta shi ne sau da yawa ya fi ɓoye abin da kake nema.

Furofela misali ce mai kyau. Yawanci za ka same ta ta yi ja da tsatsa daga wannan kai zuwa wancan, babu ko ɗigon fenti. Idan ka jiƙa ta a cikin ruwan cire tsatsa marar zafi, irin wanda ba ya cin fenti, ka bar ta ta kwana, da safe za ka iya ganin zobba biyu ko uku sun fito a jikinta. Wani lokaci launin yana nan, wani lokaci kuma inuwarsa ce kawai, saboda ƙarfen da ke ƙarƙashin fentin bai ci tsatsa kamar sauran ba. Ka auna nisan kowane zobe daga bakin furofelar, ka auna faɗinsa, ka lura ko ya zagaye duka ko ya tsaya a rabi, ka kuma duba ta wane gefe fentin ya gangara, domin wannan yana nuna yadda aka ajiye ta lokacin da aka shafa shi.

A Corvette ta shekarun 1960, idan ka ɗaga bodi daga kan firam, ka duba kusa da wuraren da ake ɗaure su. Akan samu gajerun zane na alli, ɗaya ko biyu ko uku, waɗanda suke nuna yawan siraran ƙarafan da aka saka a wurin don bodin ya zauna daidai. Wannan alama ba ta tarihi ce kaɗai ba, domin idan ka ƙirga ƙarafan ka mayar da su yadda suke, ƙofofi za su rufu kamar da. Akwai kuma lambar kaya da kwanan wata da aka fesa a gefen firam, da lambar aiki da aka rubuta da alli a jikin bodi. A Camaro ta Norwood kuwa ana samun tambarin haruffa uku, P da B da T, a bangon inji, waɗanda su ne farkon kalmomin Turanci na fenti, bodi da kayan ciki, alamar cewa mai duba kowane sashe ya gani ya amince.

Mataki na biyar: yanke shawara tsakanin adanawa da sabuntawa

Kafin ka kwance komai, ka zauna ka tambayi kanka ko motar tana bukatar sabuntawa gaba ɗaya. Ra'ayina shi ne idan fentin asali yana nan, ƙarfe bai ruɓe ba, kuma alamomi suna karantuwa, to adanawa ta fi. Taron masu Corvette na Bloomington Gold yana da lambar yabo ta musamman ga motocin da suka rayu ba tare da an sabunta su ba, kuma gasar Pebble Beach a Kalifoniya tana da rukunin irin waɗannan motoci. Daga jikinsu ne ake koyon yadda masana'anta take aiki. Ko da za a sabunta motar, ana iya rufe alama ta asali da takarda da tef yayin fenti, a bar ta a matsayin ɗan tsibiri. Kada a shafa mata fenti mai sheƙi da sunan kariya, saboda yana iya narkar da tawada kuma yana canja kamanninta.

Mataki na shida: mayar da alamomin

Idan dole sai an fenta ɓangaren, to dokar ita ce ka mayar da abin da ka samu a jikin motarka kaɗai, a inda ka same shi, da girman da ka auna. Ana sayar da kwalin fenti da tambura tare da takardar da ke nuna inda za a ɗiga kowane launi, kuma ban ce ba su da amfani ba wajen samun launin da ya dace. Matsalar ita ce takardar an tsara ta ne daga motoci da yawa, na watanni daban daban, wani lokaci na masana'antu daban daban. Wanda ya bi ta kaf zai fito da mota mai ɗauke da alamomin da babu wata mota guda da ta taɓa fita daga masana'anta da su gaba ɗaya, kuma gogaggen alƙali yana gane haka daga nesa. Inda ba ka samu komai ba, ka bar wurin haka. Idan kana da ƙwaƙƙwarar hujja daga wasu motoci marasa gyara na masana'anta ɗaya da lokaci ɗaya, kana iya sakawa, amma ka rubuta a littafinka cewa wannan daga kwatance ta zo.

Wajen zanawa, ka yi amfani da irin abin da aka yi amfani da shi: alli mai maiƙo inda alli ne, buroshi inda buroshi ne, tambarin roba da tawada inda tambari ne. Ka tuna cewa wanda ya yi alamar ta asali yana tsaye ne a gaban layi mai tafiya, ya yi ta cikin daƙiƙa guda, kuma ya yi irinta ɗaruruwa a ranar. Don haka ba a sa rula ko tef a daidaita gefenta. Ka gwada hannunka sau goma a kan tsohon ƙarfe, kana kallon ledar da ka kwafa, sa'an nan ka yi ta sau ɗaya a kan motar ba tare da komawa gyara ba. Ka kuma kula da tsarin aiki, wato me ya riga me. Ɗigon da ke nuna an ɗaure noti yana hawa kan notin ya gangara zuwa abin da aka ɗaure, don haka sai an gama haɗawa ake yin sa. Launin tantance kaya kuwa yana jikin kayan tun kafin a saka shi, saboda haka yana iya shigewa ƙarƙashin abin da aka ɗora daga baya. Haka kuma inji ana fenta shi ne bayan an haɗa yawancin kayansa, shi ya sa fentin yake fallatsa a kan abubuwan da ke kusa, kuma injin da kowane notinsa yake ƙyalli ba haka ya fito daga masana'anta ba.

Mataki na bakwai: takardun da za su bi motar

Ka haɗa hotunan farko, ledojin kwafi, jadawalin kwanan wata, takardar umarnin haɗawa da rahoton kamfani a fayil guda, ka ajiye kwafinsu a kwamfuta. A shafi na gaba ka jera alamomin kashi uku: waɗanda na asali ne ba a taɓa su ba, waɗanda aka sake zanawa bisa abin da aka samu a jikin motar, da waɗanda aka saka bisa kwatance da wasu motoci. Kayan da ka cire ka maye gurbinsu, ko da sun lalace, ka sa musu takardar suna ka ajiye su a kwali. Ranar da za ka sayar da motar, ka miƙa wa mai saye fayil ɗin da kwalin tare da makulli, ka kuma nuna masa da yatsa waɗanda hannunka ya zana.